John DeLorean: Injiniyan da kasuwa ta juya wa motarsa baya

A tarihin ƙera motoci a Amurka, kafin a samu mutumin da ya ɗaukaka da sauri kamar John Zachary DeLorean, sannan ya faɗi warwas irin faɗuwarsa, sai an tona. Yana da shekara 40 aka damƙa masa ragamar Pontiac, ɗaya daga cikin manyan rassan kamfanin General Motors. Yana da shekara 48 ya bar aikin da jama'a ke ganin zai kai shi kujerar shugabancin kamfanin, wanda a wancan zamani babu kamfanin motoci da ya kai shi girma a duniya, ya tafi kafa nasa na kansa. Motar da ya sa wa sunansa ta fito a farkon 1981, kuma kafin 1982 ta ƙare an rufe masana'antar da ke ƙera ta, bayan an fitar da guda 9,000 ko kusa da haka.

Mafi yawan masu tuna shi a yau, kamun da aka yi masa bisa zargin safarar hodar iblis suke tunawa, ko kuma fim ɗin da ya mayar da motar abin kallo a duniya. Sai dai kamfanin ya riga ya durƙushe wata takwas kafin wannan kamu. Abin da ya karya shi lissafi ne da kowane ɗan kasuwa zai gane: ya kawo mota ta Dala 25,000 kasuwar da ake samun wadda ta fi ta gudu a kan Dala 16,000.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi DeLorean ranar 6 ga Janairun 1925 a birnin Detroit na jihar Michigan, cibiyar ƙera motocin Amurka. Shi ne babba cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa Zachary ya yi ƙaura ne daga yankin da a yau yake cikin ƙasar Romaniya, ya samu aiki a sashen narka ƙarfe na kamfanin Ford, inda ya tsunduma cikin harkar ƙungiyar ƙwadago. Mahaifiyarsa Kathryn ita ma daga Turai danginta suka fito, kuma ta yi aiki a wani reshe na kamfanin General Electric domin tallafa wa gida. Yaron ya tashi cikin ƙuncin karayar tattalin arziki na shekarun 1930, a gidan da zaman lafiya ya yi ƙaranci, har iyayen suka rabu a 1942.

Karatu ne ya fitar da shi. Daga makarantar sakandaren fasaha ta Cass ya samu gurbin karatu kyauta a Kwalejin Fasaha ta Lawrence. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatun a 1943, ya yi shekara uku a soja, ya dawo ya kammala digirin injiniya a 1948. Ya ɗan taɓa sayar da inshorar rai gida-gida, sana'ar da ta koya masa iya magana da shawo kan mai kuɗi, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya. Sannan ya shiga makarantar injiniyoyi ta kamfanin Chrysler, ya fito da digiri na biyu a 1952.

Daga nan ya koma Packard, tsohon kamfanin motocin alfarma, ya yi suna wajen inganta giyar da ke sauya kanta. A gaban idonsa Packard ya ruguje. Ford da Chevrolet sun shiga gasar karya farashi a 1953 da 1954, ƙananan kamfanoni suka kasa jurewa, domin motocin da suke fitarwa ba su da yawan da za su rage kuɗi su tsira da riba. Packard ya haɗe da Studebaker, kuma a 1956 ya daina ƙera motoci a Detroit. A wannan shekara DeLorean ya karɓi tayin General Motors.

Shekarun ɗaukaka

Lokacin da ya isa Pontiac, ana yi wa reshen kallon mai ƙera motocin tsofaffi. Sabon shugaban reshen, Semon Knudsen, ya tara matasan injiniyoyi domin sauya wannan kallo, DeLorean na cikinsu, kuma zuwa 1961 ya zama babban injiniya.

Aikin da ya fito da sunansa shi ne Pontiac GTO ta 1964. General Motors na da doka cewa matsakaiciyar mota ba za a sa mata injin da ya wuce lita 5.4 ba. DeLorean da abokan aikinsa suka ɗauko injin lita 6.4 daga manyan motocin Pontiac suka dasa shi a matsakaiciyar motar da ake kira Tempest LeMans, suka gabatar da abin a matsayin ƙarin da mai saye zai zaɓa a kan kimanin Dala 300, ta haka suka zagaye dokar. An yi hasashen sayar da guda 5,000, sai aka sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko.

Dalilin wannan nasara abin lura ne. Babu sabon injin da aka ƙirƙira domin GTO, babu sabuwar masana'anta da aka gina. Injin da jiki da giya duk suna nan a rumbun kamfanin, an daɗe da mayar da kuɗin da aka kashe wajen ƙirƙirar su. Shi ya sa matashi mai matsakaicin albashi ya iya sayen gudun da a da sai mai hannu da shuni. Mutumin da ya gina sunansa a kan gudu mai araha, shi ne bayan shekara 17 ya kawo mota mai tsada marar gudu.

A 1965 aka naɗa shi shugaban Pontiac, a 1969 kuma shugaban Chevrolet, reshe mafi girma a kamfanin, wanda a ƙarƙashinsa ya sayar da motoci fiye da miliyan uku a 1971. A zamaninsa ne kuma aka fitar da Chevrolet Vega, ƙaramar motar da matsalar inji da tsatsa suka zubar wa mutunci. A 1972 ya zama mataimakin shugaba mai kula da motoci da manyan motocin kaya, kuɗin da yake samu a shekara ya haura rabin miliyan na Dala.

Amma zamansa da manyan kamfanin bai yi daɗi ba. Su mutane ne masu baƙar kwat da kame kai, shi kuwa ya bar gashi, ya rungumi tufafin yayi, yana yawo da taurarin finafinan Hollywood, har ya sayi ɗan hannun jari a ƙungiyoyin wasanni. Akwai kuma tsohon tabo: tun 1964 ya so Pontiac ta fitar da ƙaramar motar gudu mai kujera biyu mai suna Banshee, shugabanni suka hana don kada ta ci kasuwar Corvette ta Chevrolet. A watan Afrilun 1973 ya bar General Motors. Shi ya ce don kansa ya tafi, wasu kuma suka ce tura shi aka yi.

Mafarkin mota mai sunansa

A watan Oktoban 1975 ya kafa DeLorean Motor Company. Alƙawarinsa shi ne motar gudu mai kujera biyu wadda ba ta tsatsa, ba ta shan mai da yawa, mai kare ran direba, wadda za ta daɗe ba ta tsufa ba. Mashahurin mai zanen motoci na Italiya, Giorgetto Giugiaro, shi ya zana ta: gajera, mai kaifin goshi, jikinta na farin ƙarfe marar tsatsa ba tare da fenti ba, ƙofofinta na buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu. Lambar da aka ba ta a cikin gida, DMC-12, tana nuni ne da farashin da aka yi niyya, wato Dala 12,000.

Sunansa ya jawo masa kuɗi. Fitaccen mai gabatar da shirin talabijin Johnny Carson da mawaƙi Sammy Davis Jr. sun zuba jari. Dillalan motoci fiye da 300 kowannensu ya sayi hannun jarin Dala 25,000 domin samun izinin sayar da motar. Duk da haka kuɗin bai kai na gina masana'anta ba, sai ya shiga zawarcin gwamnatocin da rashin aikin yi ya addaba. Jamhuriyar Ailan ta duba lissafin ta janye. Ana dab da sa hannu da tsibirin Puerto Rico sai Birtaniya ta shigo da tayin da ya fi tsoka.

A 1978 Ailan ta Arewa na cikin rikicin Katolika da Furotesta, kuma rashin aikin yi a yammacin Belfast ya yi muni. Gwamnatin jam'iyyar Labour, ta hannun sakataren yankin Roy Mason, ta yi imanin cewa matashin da ke da aiki ba zai ɗauki bindiga ba. Cikin 'yan makonni aka amince da tallafi da rance da jarin da suka kai kimanin Fam miliyan 53. A watan Oktoban 1978 aka fara gini a Dunmurry, kudu maso yammacin Belfast, a wani fili da ke tsakanin unguwar Katolika da ta Furotesta. An tsara masana'antar ta riƙa fitar da mota 30,000 a shekara.

Motar da ta fito

Lokacin da aka sa hannu, motar ba ta wuce samfuri ba. Sabuwar dabarar zuba roba da aka dogara da ita domin ƙera ƙashin motar ta gaza. Aka miƙa aikin ga kamfanin Lotus na Ingila ƙarƙashin Colin Chapman, wanda ya sake gina kusan komai a kan tsarin motarsa ta Esprit: ƙashin baya na ƙarfe, ƙaramin jiki na roba mai zaren gilashi, sannan a lulluɓe da fallayen farin ƙarfe. Aikin da manyan kamfanoni kan ɗauki shekara huɗu ko biyar suna yi, an matse shi cikin shekara biyu da 'yan watanni.

Injin kuwa saye aka yi. An ɗauko mai silinda shida, lita 2.85, na haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo, dangin wanda ke cikin Peugeot 604, aka ɗora shi a bayan motar. Inji ne da aka yi domin motocin iyali, kuma bayan an sa masa na'urorin rage hayaƙi da dokar Amurka ta wajabta, ƙarfinsa ya tsaya a doki 130. Motar farko ta sauko daga layin haɗawa ranar 21 ga Janairun 1981.

Da mujallun motoci suka gwada ta sun yaba siffarta da zamanta a hanya, amma gudunta ya ba su kunya. Mujallar Road & Track ta auna daƙiƙa 10.5 kafin ta kai gudun mil 60 a sa'a, wato kusan kilomita 97, alhali kamfanin ya yi iƙirarin ƙasa da daƙiƙa tara. Ga motar da duk siffarta ke shelar gudu, wannan babban rauni ne.

Aka kuma samu matsalar inganci. Yawancin ma'aikatan Dunmurry ba su taɓa haɗa mota ba, wasu ma ba su taɓa riƙe aikin albashi ba. Motocin farko sun isa Amurka da ƙofofin da ba sa zama daidai, da na'urar cajin batir da ba ta wadatar da wutar motar. Dole kamfanin ya buɗe cibiyoyin gyara a Amurka, inda makanikai ke kwance sabuwar mota su sake ɗaure ta kafin ta je hannun dillali, kuma kowace sa'a ta wannan aiki daga ribar motar take fita. Ingancin ya gyaru sosai kafin ƙarshen shekara, amma labarin farko ya riga ya bazu. Shi kansa farin ƙarfen yana da nasa aibu: duk motocin launinsu ɗaya, tambarin yatsa na fitowa a jiki, kuma idan ta lotsa ba a iya cike wurin a rufe da fenti kamar sauran motoci.

Inda lissafin ya karye

Daga Dala 12,000 da aka yi niyya, motar ta shiga kasuwa a kan Dala 25,000. Abubuwa uku suka haɗu suka ninka farashin. Na farko hauhawar farashi, wadda a 1980 ta haura kashi 13 cikin 100 a Amurka, ta kai kimanin kashi 18 a Birtaniya. Na biyu canjin kuɗi: ana biyan albashi da sassa da yawa da Fam, ana sayar da mota da Dala. Lokacin da aka sa hannu a 1978 Fam ɗaya bai kai Dala biyu ba, amma a ƙarshen 1980, sa'ilin da ake yanke farashi, ya kai kusan Dala 2.40.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ƙarancin adadi. Kuɗin zane da gwaji da injinan buga sassa da ginin masana'anta ba ya raguwa don an ƙera motoci kaɗan. A misali, idan aka kashe Dala miliyan 100 a waɗannan abubuwa aka fitar da mota 100,000, kowace mota ta ɗauki Dala 1,000. Idan 10,000 kawai aka fitar, kowace ta ɗauki Dala 10,000 tun kafin a sayi taya ɗaya. Haka kuma mai sayen inji dubu goma daga wani kamfani ba zai samu farashin wanda ke zuba nasa da kansa miliyan-miliyan ba.

A ɗaya ɓangaren ga Chevrolet Corvette, motar da DeLorean ya taɓa shugabantar reshen da ke ƙera ta. A 1981 farashinta na farawa daga Dala 16,258, injinta mai silinda takwas na ba da doki 190, kuma a wannan shekara an ƙera guda 40,606. Jikinta tun 1968 ake amfani da shi, ƙashinta tun 1963, don haka an daɗe da mayar da kuɗin kayan aikinsu. Injinta dangi ne na wanda ke cikin miliyoyin motocin Chevrolet, kowane makanike a kowane ƙauyen Amurka ya san shi, kayan gyaransa na ko'ina, kuma dubban dillalai na tsaye a bayanta.

Daga Japan ga Datsun 280ZX, wadda samfurinta mafi ƙarfi ke da doki 180 a kan kimanin Dala 17,000, ga kuma Mazda RX-7 da ba ta kai rabin kuɗin DeLorean ba. Wanda kuma yake da Dala 25,000 a hannu, da ƙarin 'yan dubbai zai sayi Porsche 911 ta Jamus, mai dogon tarihi a fagen tsere da daraja idan an zo sayarwa. DeLorean ta tsaya a tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki: ta fi ƙarfin aljihun mai neman gudu da araha, ba ta kuma kai matsayin da mai kuɗin gaske ke nema ba. Abin da ya rage mata shi ne baƙuntar siffa, kuma masu biyan kuɗi don siffa kaɗai ba su da yawa.

A watannin farko an yi rububinta, har wasu dillalai na ɗora ƙari a kan farashi. Wannan ya ruɗi kamfanin. Waɗanda suka yi layi su ne masu son su riga kowa, kuma da suka samu tasu sai layin ya ƙare. Ko motar da aka shafe da zinare, wadda kamfanin American Express ya tallata a kan Dala 85,000, biyu kawai aka saya ta wannan hanya.

Durƙushewar kamfani

A rabin ƙarshe na 1981 DeLorean ya ƙara yawan ma'aikata zuwa kimanin 2,500, ya ninka adadin motocin da ake fitarwa. Yana shirin sayar da hannun jari a kasuwar New York, kuma masana'anta mai aiki dare da rana ta fi jan hankalin masu zuba jari. Amma a daidai wannan lokaci tattalin arzikin Amurka ya shiga koma-baya. Kuɗin ruwan bankuna ya kai kusan kashi 20 cikin 100, cinikin motoci ya faɗi ƙasa, kuma mota mai kujera biyu ita ce abu na farko da magidanci ke cirewa daga lissafinsa idan aljihu ya yi zafi. Dillalai ma da bashin banki suke ajiye motoci, kowace ranar da mota ta kwana a shago ruwa na hawa kansu.

A Belfast kuma shekarar ta zo da tarzomar da ta biyo bayan mutuwar Bobby Sands a yajin cin abinci cikin watan Mayu, har wuta ta cinye wasu ofisoshin masana'antar. A watan Oktoba wani ɗan majalisar Birtaniya ya fito da zarge-zargen almundahana da wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin ta kai masa. Binciken 'yan sanda bai samu laifi ba a lokacin, amma amincewa ta yi rauni. Rayuwar DeLorean ita ma ba ta taimaka ba: ofis a titin Park Avenue na New York, tafiye-tafiye a jirgin Concorde, da katafaren gidan gona a New Jersey, duk a lokacin da kuɗin masu biyan haraji na Birtaniya ke riƙe da kamfanin.

Kamfanin ya ƙiyasta cewa sai ya sayar da mota 10,000 zuwa 12,000 a shekara kafin ya mayar da kuɗinsa. Zuwa farkon 1982 an ƙera fiye da 7,000, kuma fiye da rabinsu na jibge a tashoshin jiragen ruwa da filayen dillalai, cikin hunturu mai tsananin ƙanƙara. An soke sayar da hannun jarin a watan Janairu. Gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ta gaji yarjejeniyar ba da son ranta ba kuma ta riga ta ƙara kuɗi har jimillar ta kai kimanin Fam miliyan 77, ta ƙi ƙara ko kwabo. Ranar 19 ga Fabrairun 1982 aka miƙa masana'antar ga masu kula da kadarorin kamfanonin da bashi ya ci, ƙarƙashin Sir Kenneth Cork, aka sallami yawancin ma'aikata. An ba DeLorean wa'adi bayan wa'adi ya kawo sabon jari. Wani abin mamaki, yayin da motoci ke kwantai ana sayar da su da rangwame, farashin da aka rubuta wa samfurin 1982 ya hau zuwa Dala 29,825.

Tarko da kotuna

Ranar 19 ga Oktoban 1982, ranar da gwamnatin Birtaniya ta sanar da rufe masana'antar, jami'an tsaron Amurka suka kama DeLorean a wani otal kusa da filin jirgin saman Los Angeles. An ɗauki hoton bidiyonsa a ɓoye tare da akwatin hodar iblis, aka tuhume shi da shiga cinikin da darajarsa ta kai Dala miliyan 24 domin ceto kamfaninsa. Wanda ya jawo shi cikin lamarin tsohon maƙwabcinsa ne, mai safarar ƙwayoyi da ya koma yi wa hukuma aiki don a sassauta masa tasa tuhumar.

Lauyoyinsa sun kafa hujja cewa jami'an gwamnati ne suka ƙirƙiri cinikin tun daga tushe, suka ɗana wa mutumin da ba shi da tarihin laifi tarko saboda sun san yana cikin matsi. Ranar 16 ga Agustan 1984 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga dukkan tuhumar.

Wata shari'ar ta fi wannan nauyi a kan sunansa. An gano cewa Dala miliyan 17 da ɗoriya da aka ware domin aikin Lotus sun bi ta wani kamfani mai suna GPD, mai rajista a Panama da adireshi a Geneva, suka ɓace. An gurfanar da shi a Detroit kan zamba, aka sake wanke shi a 1986. Chapman ya riga ya mutu da bugun zuciya a watan Disamban 1982. A 1992 wata kotu a Belfast ta ɗaure tsohon jami'in kuɗi na Lotus, Fred Bushell, shekara uku, kuma alƙalin ya bayyana cewa da DeLorean da Chapman na gabansa da sun samu shekara goma-goma. DeLorean bai taɓa gurfana a kotun Birtaniya ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Aurensa na uku, da 'yar wasan kwaikwayo Cristina Ferrare, ya mutu a 1985. A wannan shekara fim ɗin Back to the Future ya fito, inda motar ta zama na'urar ratsa zamani, ta samu farin jinin da ba ta taɓa samu a shagon dillali ba, shekara uku bayan an daina ƙera ta. Wani kamfani a jihar Ohio ne ya sayi ragowar motoci da sassa, kuma a watan Disamban 1982 aka haɗa na ƙarshe a Dunmurry.

DeLorean ya shafe sauran rayuwarsa tsakanin lauyoyi da masu bin bashi. A 1999 ya ayyana karayar arziki, a shekarar 2000 ya rasa gidan gonarsa mai kadada 434 ta ma'aunin eka a Bedminster, wanda daga baya Donald Trump ya saya ya mayar filin wasan golf. Har cikin tsufansa bai daina zancen sabuwar mota ba, ya ma gwada sayar da agogon hannu masu tsada domin tara jarinta. Ya mutu ranar 19 ga Maris na 2005 a wani asibiti a garin Summit na New Jersey sakamakon shanyewar ɓarin jiki, yana da shekara 80, aka binne tokarsa a Troy, kusa da Detroit.

Alƙawari ɗaya dai ya cika: jikin motar bai yi tsatsa ba. Ana ƙiyasin kusan kashi biyu cikin uku na motocin suna nan har yau, wani kamfani a jihar Texas na sayar da kayan gyaransu, kuma mai kyau a cikinsu kan haura Dala 25,000 ɗin da masu saye suka ƙi biya a 1981. Ginin Dunmurry kuwa ya zauna shekaru babu aiki, har zuwa 1989 da kamfanin Montupet na Faransa ya karɓe shi, ya shiga zuba sassan inji na alminiyam domin manyan kamfanonin da ke ƙera motoci dubu ɗaruruwa a shekara.